Insha'in da Na Manna a Allon Sanarwa

Nafisa, ke kika fi kowa naci, don haka da ke zan fara, su Bashir su matso su ji. Kin sha tambayata abin da ya sa muka kwashe komatsanmu daga Talata Mafara muka koma Bakura ana tsakiyar zangon karatu, da abin da ya sa yaran unguwa suka riƙa bin ƙannenki suna cewa ga 'ya'yan malamin ƙarya. Kullum amsata ɗaya ce, canjin wurin aiki aka yi mini. Haka ne, an yi mini, amma ni na roƙa da bakina. Yanzu da na ajiye alli, idona kuma ya fara gajiya, gara in rubuta muku yadda abin ya kasance kafin ku ji shi a karkace a bakin wani. Na sauya sunayen waɗanda abin ya shafa, kada ku wahalar da kanku wajen neman su.

Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, kuma ba yabon kai ba, na iya. To, yabon kai ne, amma dai na iya ɗin. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne insha'in ra'ayi, wato a ba yaro batu a ce ya goyi baya ko ya yi adawa, ya kawo hujja. Ku duba fa, yaro ne da tun yana rarrafe ake koya masa in babba yana magana ya sunkuyar da kai, sai ga ni rana tsaka na ce ya faɗi abin da yake gani, kuma da harshen da ba na uwarsa ba. Sai su zuba mini ido kawai. Saboda haka na yanka musu gajeriyar hanya: faɗi ra'ayinka, kawo dalili, sannan ka ɗaure shi da misali daga rayuwarka. A wajen misalin nan ake cijewa. Kullum sai su ce su ba abin da ya taɓa faruwa da su. Da na gaji da jin haka sai na kafa doka, wadda duk wanda ya zauna ajina ya haddace ta.

"In ba ku da misali, ku ƙirƙiro! Mai duba jarrabawa shina can wani gari, bai san ƙauyenku ba, bai san kakarku ba. Ku kashe ta in ta kama, maki kuke nema."

Su yi ta dariya, kuma su bi dokar. Kakanni da yawa sun rasu a ajina, wata ma sau uku. Sai al'adata ta biyu. Duk Litinin nakan zaɓi insha'in da ya fi kyau in manna shi a allon sanarwa da ke barandar ofis, in rubuta sunan mai shi da jan biro. Allon nan yana kallon famfon burtsatse na makaranta, inda duk unguwar ke ɗiban ruwa. Ina sane da haka sarai. So ma nake masu jarka su gani, su san akwai malami a makarantar nan.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda aka dawo da sabis ɗin waya bayan an daɗe da yanke shi saboda 'yan bindiga. Kun tuna abin da waya ta zama a lokacin. A da in ka ga saurayi ya keɓe yana waya, ka ce budurwa ce. A shekarar nan kuwa sai a fara tambayar da wa yake magana, me yake faɗa masa. Kalmar infoma ta shiga bakin kowa, wato mai kai wa mutanen daji labarin gari. Wanda aka liƙa wa ita, in ya ci sa'a a kore shi da iyalinsa, in bai ci sa'a ba kuwa, ba sai na faɗa muku ba. Shugaban makarantarmu ya hana zuwa da waya kwata-kwata, yara suna ta gunaguni. Ni kuwa da wayona sai na ce ai ga batu ya faɗo mini har aji. Na ba 'yan aji biyar aikin gida: shin ya dace a bar ɗalibai su zo da waya makaranta, ko bai dace ba?

A ajin akwai wata yarinya Bafulatana, zan kira ta Hassatu. Daga wata ruga a wajen Damaga suka gudo, suka kama ɗaki a bakin gari. Ubanta, Malam Jabbi, shanunsa sun tafi duka, ya koma ƙwadago a gonakin albasa na Bakolori. Ba wanda ya san su a unguwar sai gaisuwa. Ita kuma a bencin ƙarshe take zama, ban taɓa ganin ta ɗaga hannu ba, Turancinta yana ɗingishi. Da na zauna duba littattafai, yawancinsu tatsuniya ɗaya ce: waya tana taimakawa wajen duba ma'anar kalma, waya tana ɓata tarbiyya. Har na fara hamma sai na buɗe nata. Ta goyi bayan waya. Ta ce tana da yaya a daji wanda ba ya iya dawowa gida. Duk Juma'a da hantsi yakan hau wani tudu inda sabis ke kamawa, ya kira, ya ce yana raye, ya kashe. Waya ɗaya ce a gidansu, ubanta yana cikin ruwan gona, uwarta kuwa in wayar ta yi ƙara sai ta ruɗe ta danna jan maɓalli ta katse kiran. Saboda haka in an bar ta ta zo da wayar makaranta, ba sai ta zaɓa tsakanin darasi da muryar yayanta ba.

Wallahi sai da na miƙe tsaye. Kurakuran nahawu sun fi goma, amma ban taɓa karanta abu mai rai irin wannan daga ɗalibi ba. Na ce a raina, yau dai ga wadda ta gane dokata, dubi yadda ta ƙirƙiro yaya sukutum, har da tudu! Na ba ta sha takwas cikin ashirin, ni da ban taɓa wuce sha huɗu ba. Ban kira ta na tambaye ta komai ba. Litinin da safe na manna takardar, na rubuta sunanta da na ubanta da manyan baƙaƙe.

Ranar Laraba shugaban makaranta ya aiko kirana ina tsakiyar darasi. Na tarar ya rufe taga, abin da bai taɓa yi ba.

"Malam Lawali, kana cikin hankalinka kuwa? Ina takardar da kam manna?"

Na ce tana allo. Ya ce ba ta allo, tana aljihun Sanusi. Sanusin nan tsohon ɗalibina ne, a lokacin yana cikin matasan da ke sintiri a unguwa. Tun ranar Talata ya shigo ɗiban ruwa, ya tsaya ya karanta, ya ɓalle ta ya tafi da ita. Kafin azahar magana ta zagaye gari cewa baƙin Fulanin nan suna da ɗa cikin 'yan bindiga, kuma duk Juma'a suna waya da shi, ga shaida da rubutun 'yarsu. An kira Malam Jabbi gidan mai unguwa gobe bayan la'asar. Na nemi kujera na zauna ba tare da an ce in zauna ba. Na ce ai ƙirƙira ce, ni na ce su ƙirƙiro.

"To ka riƙe wannan a cikinka," in ji shi. "Makaranta ba ta cikin wagga magana. In kat tahi kac ce kai ka koya ma yara ƙarya, ba su barin ka, ni kuma ban iya kare ka. Yarinya ta yi rubutu, kai ka duba, shi ke nan."

Na dawo gida ban san ta inda na bi ba. Innarku tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta dube ni sau ɗaya ta ajiye faifan. Na faɗa mata komai, ina ta nanata cewa ƙirƙira ce, kamar ita ce mai unguwar.

"Malam, a wanga zamani ka manna sunan ɗiyar Hillani ga bango, kac ce tana da ɗan'uwa daji?"

"Balki, aikin aji na. Ƙirƙira ta."

"Kai ka san ƙirƙira ta. Mai jarka ya sani? Kullum ina ce maka son a yaba ma shi za ya kai ka ƙasa."

Gaskiya ta faɗa. Na gaya mata shawarar shugaban makaranta, ina fatan ta ce in bi. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da buhun da muke zuba gero, ta kakkaɓe shi ta miƙo mini.

"Ka kwashe littattafan yaran duka ka zuba nan. In ƙarya kas sa su yi, ai ba ita ɗai tay yi ba. Ka tahi da su gobe. In anka taɓa mutanen ga kana zaune gida, ni ban iya zama da kai."

Washegari na ɗaura buhun a bayan babur na nufi gidan mai unguwa. Tun daga nesa na ga taro a ƙofar zaure, matasa sun fi yawa, wasu da gora. A ciki ga mai unguwa, ga liman, ga dattawa huɗu. Malam Jabbi yana tsugune a bakin ƙofa, taɓon gona bai ma bushe a ƙafarsa ba. Hassatu tana bayansa, ta ja hijabi har goshi. Aka yi gaisuwa doguwa kamar yadda aka saba, ina gida, ina iyali, ina gajiya, ya muka ji da zamani, kowa yana amsawa lafiya lau alhali kowa ya san ba lafiya ba. Sannan Sanusi ya miƙe ya karanta takardar, yana fassarawa layi layi. Ko kalma ɗaya bai ɓata ba. Ina zaune ina jin Turancin da na koya masa da hannuna, har inda yake tsayawa ya ja numfashi irin nawa ne. Da ya zo wajen tudun nan sai waje ya ɗauki hayaniya, na ji wani yana cewa a fito da shi.

Na nemi izini na miƙe. Na bayyana musu yadda ake insha'in ra'ayi, na faɗi dokata kamar yadda nake faɗa a aji, har da maganar kaka. Ba wanda ya yi dariya. Sai na kwance buhu na fara zaro littattafai. Na karanta na wani yaro da ya ce motar ubansa ta kife a hanyar Gusau aka kira taimako da waya, alhali duk zauren sun san uban ko keke na aro yake hawa. Na karanta na wata da ta ce yayarta likita ce a Makka. Sannan na zaro na Murtala, ɗan mai unguwa na cikinsa, wanda ya rubuta cewa ubansa ya faɗa rijiya, ya kwana biyu a ciki, wayar aljihunsa ce ta cece shi.

Mai unguwa ya zabura har rawaninsa ya karkace.

"Ni? Rijiya? Yaushe?"

Dariya ta ɓarke a waje, har masu gora suna riƙe ciki. Na ji iska ta shigo zauren. Amma liman bai yi dariya ba. Ya jira aka yi shiru, sannan ya dube ni, kallon da har yau in na tuna sai na ji kunya.

"Malam, ashe mu muna nan muna hana su ƙarya, ku kuna can kuna ba su maki a kanta?"

Na ce don jarrabawa ne kawai. Ya ce ita jarrabawar Allah bai ganin ta? Mai unguwa ya ce to a bar wannan tukuna, shin zan iya rantsuwa cewa maganar yarinyar nan ƙirƙira ce? Na rantse da Allah, da zuciya ɗaya, don haka na ɗauka. Sai ya juya ga Malam Jabbi ya tambaye shi ko yana da ɗa namiji.

"Ban da, ranka ya daɗe. Ɗiya mata ukku Allah Yab ba ni."

Aka tambayi Hassatu. Muryarta ba ta fita, sai da aka ce ta ƙara.

"Ƙarya ta nir rubuta. Ban da yaya."

Sanusi bai gamsu ba, ya ce a je a duba ɗakinsu. Aka tura mutum uku, suka zazzage komai har tukunyar fura, suka dawo suka ce ba waya a gidan, ko lalatacciya. Mai unguwa ya sallami kowa, ya ce duk wanda ya sake kiran bawan Allah nan infoma shi da shi ne. Na ga Malam Jabbi ya miƙe da ƙyar, ya wuce ta gabana bai ɗago kai ba. Na ce kunya ce irin ta Fulani.

Abin da ya biyo baya kun gan shi da idonku. Su sun tsira, sunan kuma ya dawo kaina. Iyaye suka yi ta zuwa ofis suna cewa a raba 'ya'yansu da malamin ƙarya. Mutanen da muke sahu ɗaya da su shekara da shekaru suka fara amsa sallamata a taƙaice. Shugaban makaranta ya karɓe Turanci daga hannuna ya ce in kula da ɗakin karatu, ɗakin da ɓeraye suka fi littattafai yawa. Ranar da Bashir ya dawo da leɓe a fashe saboda ya yi faɗa a kan sunana, na rubuta takardar neman canji. Amma kada in ɓoye muku, a ƙasan zuciyata daɗi nake ji. Ina ganin kaina mutumin da ya sayar da mutuncinsa ya fanshi iyali guda. Har nakan tsaya gaban madubi in maimaita jawabin da na yi a zaure.

Hassatu ba ta sake zuwa makaranta ba tun ranar. Da takardar canjina ta fito, ana saura kwana biyu mu tashi, na hau babur da safe na nufi gonakin Bakolori. Na ce wa innarku zan je in roƙi uban ya mayar da ita aji. Haka ne, amma har da godiya nake so in karɓa. Na same shi a cikin fangalin albasa yana buɗa wa ruwa hanya. Ya fito ya wanke hannu, muka gaisa, gaisuwa cikakkiya ba abin da ya rage. Ya ce sun gode, Allah Ya saka. Sau ɗaya ya faɗa, yana kallon ƙasa, ya koma cikin ruwa. Na tsaya sororo, har raina ya ɗan sosu. Ina shirin tayar da babur sai ga Hassatu ta kawo masa fura. Ta ajiye ƙwaryar, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce za ta raka ni bakin hanya. Muka bi gefen babbar magudanar ruwa ina tura babur, ina yi mata huɗuba cewa mai kai irin nata bai kamata ya bar karatu ba, wanda ya iya ƙirƙiro labari irin wancan gaba marubuci ne.

Ta tsaya.

"Malam, ba ƙirƙira ba ta."

Na ce mi tac ce? Ta sake faɗa, a hankali, idonta a kan ruwan. Sunansa Umaru. Ranar da aka kore shanunsu, shekarun baya, aka haɗa da shi, yana da shekara sha uku, aka sa shi kiwon shanun a can. Bai taɓa ɗaukar bindiga ba a iya saninsu, kuma bai taɓa tambayar labarin gari ba, ba ya ma wuce minti ɗaya. Wayar wani yake samu ya kira, yau wannan lamba, gobe waccan. Ta ce da na ce a kawo misali daga rayuwa, ita ta ɗauka ni kaɗai zan karanta.

Babur ya kusa suɓuce mini. Na yi ta maimaita innalillahi. Na tuna rantsuwata, na tuna mutumin nan a tsugune yana cewa ba shi da ɗa namiji, a gaban jama'a, da bakinsa. Sai na tambaye ta wayar fa, ai an duba ba a gani ba. Ta nuna ruwan da haɓarta.

"Da anka aiko kiran Baffa, ta nan yab biyo kahin ya tahi zaure. Nan yaj jefa ta."

Na ce ai ba komai, ana dawo da layi, ni zan kai su ofishin kamfanin waya da kaina yau ɗin nan. Ta girgiza kai. A kasuwar Janbako aka sayi layin tuntuni, da sunan wani aka yi masa rajista, ba su ma san ko wane ne ba. Su ba su da lambar da za su kira shi. Shi kuma lamba ɗaya tak ya haddace a duniya.

Na tsaya riƙe da babur a bakin ruwan, ni da na zo karɓar godiya. Ban sake jin labarinsu ba bayan mun koma Bakura. Na aika an tambaya sau biyu, aka ce sun tashi, ba a san inda suka nufa ba. Abin da ya rage mini shi ne maganar da ta yi kafin ta juya ta koma wajen ubanta. Ba da fushi ta yi ta ba, da ma da fushi ne da na fi samun sauƙi.

"Yau Juma'a ta biyar ke nan, Malam. Yanzu haka shina bisa tudun, shina kira."